Huɗu a Gaba, Biyar a Baya

Ina riƙe da hammatarsa ta dama, babban ɗansa na riƙe da ta hagu, saura taku uku mu kai shi bakin motar da za ta kai shi asibiti, sai ga a-kori-kurarsa ta shawo kwanar layinmu. 'Yarsa Auta ce ke tuƙi. Ta rage gudu za ta shiga giya ta biyu, giyar ta yi wata irin ƙara kamar an jefa cokali cikin injin niƙa. Baba Direba ya tsaya cak. Ya zame hannunsa daga nawa, ya kama ƙyauren ƙofa, ya ce shi babu inda za shi.

Ni tela ne. Shagona na kallon ƙofar gidansa shekara ashirin da shida, kuma rabin shekarun nan faɗa muka yi su. Shi ya tayar da mota da sassafe hayaƙi ya shigar min cikin fararen yadudduka, ni in fito da almakashi a hannu ina masifa, shi yana dariya yana kirana Tela Sai Gobe. To, na san shi. In ya kafe, gara ka je ka yi magana da turken wuta.

Babban ɗan nasa, wanda duk layin muke kira Yaya, ma'aikacin ofis ne, mutum mai tsari. Ya yi ta lallashi. Ya ce likita ya ce a kawo shi yau, zuciyar ta yi rauni, ga ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Tsohon ko kallonsa bai yi ba. Idonsa na kan Auta, wadda ta kashe mota ta fito tana sunkuyar da kai.

"Tun yaushe take wannan kukan?"

Ta ce kwanan nan ne. Ya ce kada ta yi masa ƙarya, wata uku ke nan yana jin ta daga kan gado, yana cewa ko kunnensa ne ya tsufa. Nan ta fashe da bayani.

Abin da ke ciki shi ne: shekara talatin Baba Direba ya yi yana ɗauko ƙwai daga wani gidan gona da ke bayan tudu, yana rabawa shaguna. Da ciwo ya kwantar da shi bara, Auta ta karɓi sitiyarin. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu, kuma motar nan ita ce abincinsu, ita ce makarantarsu. Wata huɗu da suka wuce ta kai ta gareji a canja mai. Makanikin ya zubar da na giyabos, ya zubar da na difa, wato ƙullin nan da ke tsakanin tayoyin baya, ya cika duka biyun daga duro ɗaya. Tun daga nan giya ta biyu ta fara gardama. A kan tudu kuwa dole sai ta biyu, kuma in ta ƙi shiga motar sai ta yi fizga, ƙwai su faffashe. Sau uku ke nan. Mai gonar ya ce in aka ƙara, zai ba wani aikin.

Yaya na jin haka ya ce to ai magana ta ƙare. Dama akwai wanda ke son motar ko a yadda take. A sayar, Auta da yaran su koma gidansa, yana da ɗaki. Ba da mugunta ya faɗa ba, in faɗi gaskiya. Amma na ga fuskar Auta, na ga yadda ta damƙe makullin motar.

Tsohon ya numfasa, ya ce, "Ku ba ni zuwa yamma. In na gama, da kaina zan ce a tafi."

Yaya ya juyo gare ni wai in sa baki. Ni kuwa na sa, na ce wa tsohon wallahi wannan rashin hankali ne, mutum na numfashi da ƙyar yana zancen mai. Ya dube ni ya ce in ɗauko masa kujera, in kuma zo da farin farantin da nake zuba maɓallai a ciki. Na je na ɗauko. Har yau ban san abin da ya sa na ɗauko ba.

Muka ajiye shi a ƙarƙashin rumfar kwano inda motar ke kwana. Auta ta ɗaure ɗankwali tamau, ta shimfiɗa kwali, ta shige ƙarƙashin mota da sifana. Ta kai hannu kan notin ƙasa na giyabos, na zubarwa, sai ya buga sandarsa a taya. Ya ce na sama ake fara kwancewa, na zubawa. In ta zubar da mai sannan na saman ya ƙi kwantuwa, ta ina za ta zuba sabo? Da baki? Ta koma na sama. Notin ya ƙi. Ta yi, ta yi, gumi na shiga mata ido, sai da muka zura guntun bututu a jikin sifanar sannan ya saki.

Da ta buɗe na ƙasa, wani wari ya taso, warin ruɓaɓɓen ƙwai, har Yaya ya ja da baya yana toshe hanci. Tsohon ya ce a tara masa kaɗan a farantina, a kai rana. Na kai. Man baƙi ne, amma da rana ta faɗa masa sai ya riƙa walƙiya, ƙwayoyi ƙanana kamar an barbaɗa garin zinari. Ni har na ce abin da kyau. Ya ce in kawo kusa, ya sa yatsa ya murza, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wa Auta.

"Kin ga wannan? Zoben giya ta biyu ne. Shi ne kike zubarwa."

Ya yi mana bayani a gutsure, yana hutawa tsakanin magana. A cikin giyabos akwai zobba na tagulla, su ne ke daidaita gudu kafin giya ta shiga. Man giya kuma iri biyu ne a wurinsa, mai lamba huɗu da mai lamba biyar. Biyar yana da wani sinadari mai ƙarfi, shi ne mai warin nan, an yi shi ne don difa, inda haƙoran ƙarfe ke gurzar juna da kaya a kai. To a tsohuwar mota irin tasa, wannan sinadarin in ya yi zafi cin tagulla yake, ga shi da santsi, zoben ba ya samun kamu. Huɗu a gaba, biyar a baya, in ji shi, kuma kaurin duka tamanin da casa'in. Ya ce laifinsa ne. Ya koya mata tuƙi, ya koya mata canja taya, wannan ɗaya kuwa bai taɓa faɗa mata ba, don kullum shi ke yi da hannunsa, yana ganin kamar kullum zai kasance.

Na biyar yana da galan guda a ɗakin ajiya, ba a ma buɗe ba. Na huɗu ne babu. Auta ta jiƙe da mai, Yaya ya ce ba ya barin ubansa ko nan da ƙofa. Duk suka juyo suna kallona. Ni da ban san bambancin man giya da man shafawa ba! Ya sa Auta ta rubuta min a bayan takardar awo: GL-4, 80W-90. Ya ce in ban ga huɗun nan da idona a jikin galan ba, kada in ɗauko.

Na hau babur zuwa layin 'yan kayan mota, tef ɗin awo na rataye a wuyana, na ma manta da shi. Shagon farko yaron shagon bai ko karanta takardar ba, ya miƙo min galan. Na juya bayansa, biyar. Na ce huɗu nake so. Maigidansa ya taso yana dariya, ya ce Malam ai biyar ta fi huɗu, ko a makaranta haka aka koya mana, wannan shi ne sabon yayi, huɗu an daina. Na biyu ya ce duk ɗaya ne, lambar ado ce kawai. Na uku ya rantse min da cewa motoci dubu ya zuba wa biyar a giyabos ba wanda ya dawo. Na ce masa wataƙila motocin ne ba su iya dawowa ba. Bai ji daɗi ba, ni ma ban damu ba.

A shago na biyar na fara karaya. Rana ta take, igiyar takalmina ta tsinke, ga Yaya ya kira ni sau biyu yana cewa leɓen Baba ya canja launi, in ɗauko ko wane ne in taho. Na ɗauki galan na biyar ɗin na riƙe. Na ce a raina mutum na mutuwa, wa zai tsaya duba lamba? Sai na kira wayar Auta, na ce ta kara masa a kunne. Na ce babu huɗu a duk layin nan, ga biyar mai kyau, a yi haƙuri da shi.

Na ji numfashinsa yana fita da ƙyar. Sannan ya ce, "Tela, in ka kawo min biyar, kai za ka shanye shi."

Na dire galan ɗin. Raina ya ɓaci, da shi, da masu shagon, da makanikin da ban taɓa gani ba, har da kaina. Kuma tsoro nake ji, tsoron in koma in tarar ya tafi ina nan ina yawon neman mai. Amma na san in na kai masa wanda ba shi ba, zai sake kama ƙyauren nan, kuma wannan karon ba mai ɓamɓare shi. Na cire takalman na riƙe a hannu, na ci gaba da bi shago shago.

A can ƙarshen layi, bayan masu facin taya, na samu wata tsohuwa da ke sayar da kayan tarakta da na tsofaffin motoci. Ta karanta takardar, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wannan ba ni na rubuta ba. Ta ce duk wanda ya aiko ni ya san mota. Ta shige ciki ta daɗe, ta fito da galan duk ƙura. Na goge bayansa da hannun rigata. Huɗu. Na sake gogewa na sake dubawa, har ta ce ko so nake in goge lambar gaba ɗaya.

Da na dawo na same shi ya zame a kujera, an tokara masa filo. Yaya na tsaye yana yi masa fifita da kwali, kallon da ya yi min kawai ya isa. Tsohon ya karɓi galan ɗin, ya buɗe, ya shinshina, ya gyaɗa kai.

Zuba man nan ma aiki ne. Ramin a gefen giyabos yake, ba a sama ba, don haka Auta ta zura tiyo daga ƙasa, ni na tsaya riƙe da mazurari ina tsiyayawa a hankali. Man mai kauri ne, tafiya yake kamar bai son zuwa. Ya ɗiga min a riga, rigar da nake fita da ita. Auta ta tambaya daga ƙasa ko lita nawa. Ya ce ta bar zancen lita, ta zuba har sai ya fara dawowa ta ramin, sannan ta sa ɗan yatsa ta taɓa. Muka yi ta zubawa. Can ta ce ya dawo. Ya ce ta ɗaure, ta fito ya gani.

Ta fito ta durƙusa gabansa, ta miƙa masa yatsan. Ya kama hannun nata da nasa biyu, ya duba man, garau, ya kai hanci. Ya daɗe bai saki ba. Auta ta kawar da kai gefe, ni kuma na shiga gyaran mazurarin da ba abin da ya same shi.

Difar ma ya sa ta duba, ta sake zuba sabo daga galan ɗinsa na biyar, wai tunda an riga an shiga ƙasa. Da aka gama ya ce in je shago in yanko masa ƙyalle biyu, rawaya da baƙi. Ya ce takardar jikin galan takan jiƙe da mai ta goge, shi kuma ba zai kasance nan a tambaye shi ba. Yaya ya ce Baba ka daina irin wannan maganar. Bai kula shi ba. Da hannunsa ya ɗaura rawayan a hannun galan na huɗu, ya ce launin tagulla, na gaba. Baƙin ya kasa ƙullawa, yatsun sun gaji, Auta ta ƙarasa.

Sannan ya ce, "To, mu tafi. Amma a wannan."

Yaya ya ce ga mota mai sanyi, mai laushin kujera. Tsohon ya ce asibitin ai bayan tudu yake, kuma yana so ya ji. Na zaci za a sake sabon rikici, sai na ga Yaya ya sauke kafaɗa, ya zo ya ɗauki ubansa cak kamar yaro, ya sa shi a gaba. Auta a sitiyari, shi a tsakiya, ni a bakin ƙofa ina tallafe da shi. Yaya ya biyo mu a baya.

Muka fita layi, muka wuce gidan mai, tudun ya taso. Motar ta fara nishi a giya ta uku. Auta ta taka kuloci ta ja ta biyu. Giyar ta yi ƙara, ba kamar ta safe ba, 'yar gajeruwa, amma ta yi. Na ce shi ke nan, duk wahalar banza muka yi, mun cinye wa mutum yini guda a kan mai. Auta ta ciji leɓe.

Shi ko a jikinsa. Ya ce abin da aka ci an ci, ba ya dawowa, amma daga yau an daina ci. Ya ce ta juya ta koma gindin tudu. Na ce Baba don Allah. Ya ce in yi shiru, ba ɗinki ake ba. Ta juya, Yaya na ta danna hon a bayanmu. Muka sake tasowa. Wannan karon ya ɗora tafinsa a kan hannunta bisa sandar giya.

"Kada ki fizga. Fito da ita firi, tsakiya. Tsaya. Ba ta numfashi ɗaya. Yanzu."

Ta shiga. Ko ƙis ban ji ba. Motar ta ɗauki tudun a hankali, ba fizga, ba tangaɗi. Ya sa ta maimaita a kwanar gaba, da ta gaba, a ta ukun ya janye hannunsa ya bar ta ita kaɗai. Ya jingina kansa a kafaɗata ya rufe ido, yana sauraro har muka shiga ƙofar asibiti.

Da Yaya ya zo sauke shi, ya riƙe masa hannun riga ya ce kada a sayar da motar sai shi Yaya ya hau ta da kaya ya gani da idonsa. In ƙwai ɗaya ya fashe, ya sayar. Yaya ya ce to.

Kwana biyu ya yi. Ya rasu da hantsi, rana ta uku, Auta na gefensa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi kukan mutumin da ya ɓata min yadudduka shekara ashirin da shida. Ko da mun kai shi da safen nan da ya ƙara kwanaki? Na tambayi kaina, na so in tambayi likita, bakina ya ƙi. Yaya kuwa mako guda bai gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Mai gonar ya ɗaga wa Auta ƙafa kwana goma. Ranar da ta koma, ina buɗe shago na ga Yaya ya fito da rigarsa ta ofis, ya zagaya ya shiga gefen fasinja. Bai dube ni ba. Suka tafi. Na zauna kan keke na ɗauki wando zan yi masa kalmasa, na ɗinka, na farke, na sake ɗinkawa a karkace. Duk motar da ta wuce bakin titi sai na ɗaga kai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na jiyo injinta daga nesa. Na ɗauke ƙafa daga keken. Ta iso kwanar layinmu, ta rage gudu. Aka yi ɗan shiru, tsawon numfashi ɗaya, sannan ta shawo kwanar.

Yaya ne ya fara fitowa, rungume da kiret ɗin da mai gona ke ba direba na gida. Ya tsallako titi, ya ajiye min ƙwai huɗu a kan teburin yanka, ya ce na neman mai ne. Na tambaye shi nawa suka fashe. Ya ce in je in ƙirga da kaina in ba ni da aikin yi. Ya juya ya koma, ya tsaya a ƙarƙashin rumfar kwano, ya tambayi Auta wane galan ne ma na gaba. Ta ce rawaya.

Kujerar Baba Direba tana nan inda muka bar ta, ba wanda ya shigar da ita. A hannunta na dama akwai shaidar yatsu huɗu na mai, ƙura ta lafe a kai sun fito sarai. Auta ta rataya makulli a ƙusa, ta ɗauki tsumma ta goge mazurarin, ta goge sifanar, ta goge bayan kujerar da mazauninta. Hannun daman ta bar shi.